Wa ya zana zakin? Mata a tsohon adabin Ingila da abin da masu nazarin matantaka ke gani a ciki

Marubucin da ya ƙago Matar Bath, macen da ta fi kowace mace kaifin baki a tsohon adabin Ingilishi, yana bayan mata ne ko dariya yake musu? Manazarta sun fi shekara 40 suna ja-in-ja a kan wannan tambaya. Maganar ta sake ɗaukar zafi a watan Oktoba na 2022, lokacin da wasu masu bincike biyu, Euan Roger da Sebastian Sobecki, suka fito da wasu tsofaffin takardun kotu daga ma'adanar tarihi ta Birtaniya.

Marubucin shi ne Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, wanda mutanen Ingila ke wa kirari da uban waƙarsu. Tun 1873 aka san da wata takarda ta shekarar 1380, inda wata mata mai suna Cecily Chaumpaigne ta ce ta sauke masa duk wata ƙara da ta shafi wani laifi. Kalmar Latin da aka ambaci laifin da ita tana ɗaukar ma'anar fyaɗe, tana kuma ɗaukar ma'anar ɗauke mutum daga hannun mai iko da shi, kuma masana da yawa ta farkon suka ɗauka. Sababbin takardun sun nuna cewa wani mai suna Thomas Staundon ne ya kai su ƙara su biyun a 1379, yana cewa Cecily 'yar aikinsa ce, ta bar masa aiki wa'adinta bai cika ba, ta koma wajen Chaucer. Ashe ita da Chaucer ɓangare ɗaya suke a shari'ar.

Nan take wasu suka hau murnar an wanke Chaucer, wai asirin masu nazarin matantaka, wato masu bin diddigin yadda ake siffanta mata a adabi, ya tonu. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Takardar kotu tana iya wanke mutum daga zargi, ba ta goge ko layi ɗaya daga abin da ya rubuta, kuma a kan rubutun ake muhawarar.

Wane zamani ake magana, kuma wa ke riƙe da alƙalami?

Abin da Turawa ke kira tsakiyar zamani, a adabin Ingila ya kama daga wajen ƙarni na 7 zuwa wajen shekarar 1500. Ana raba shi biyu: kafin Normaniyawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066, da kuma bayan nan, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada, Latin na coci da ilimi, Ingilishi kuwa na talakawa, kafin ya farfaɗo ya zama harshen manyan marubuta. Injin buga littattafai bai iso Ingila ba sai 1476. Kafin nan da hannu ake kwafe kowane littafi, galibi a kan fatar dabba, kuma mafi yawan masu wannan aiki malaman coci ne ko waɗanda coci ta horar. A lokacin, jami'o'in Oxford da Cambridge na maza ne zalla. Manyan malaman cocin nan doka ta hana su aure. Su ne kuma suka fi kowa rubutu a kan halin mata da zaman aure.

Nazarin matantaka, wanda wasu ke kira feminisanci, daga nan ya ɗauko zaren. A fagen adabi ba aikinsa ba ne ƙirga mata nagari da miyagu a littafi don a ba marubuci maki. Tambayoyinsa daban ne. Wa aka bai wa baki a labarin, wa aka bari shiru? Idan mace ta yi magana, kalmomin wa ke bakinta? Wa ke cin ribar a ɗauki mace a irin wannan siffa? Irin wannan karatu ya kankama ne daga shekarun 1970 da 1980.

Ko Hauwa'u ko Maryam

Abu na farko da masu wannan nazari suka nuna shi ne cewa akwati biyu kawai aka tanadar wa mace. Ko dai ta zama Hauwa'u, mai ruɗi, wadda ta jawo wa 'yan Adam fita daga Aljanna, ko ta zama Maryam, mai tsarki da biyayya da ƙarancin magana. Mai karatu Musulmi zai lura cewa Alƙur'ani bai ɗora wa Hauwa'u laifin ita kaɗai ba, amma malaman cocin wancan zamani a wuyanta suka rataya shi. Wani malami mai suna Jerome ya rubuta raddi a shekarar 393 yana fifita zaman gwauranci a kan aure, ya tara duk wani aibin mata da ya samu a littattafan magabata. Shekara 1000 bayan nan ana nan ana kwafar maganganunsa kamar karatun allo.

Ga misalin yadda abin ke aiki. A waƙar barde Gawain da Koren Barde, ta ƙarshen ƙarni na 14, matar mai masaukinsa ta yi ta shigo wa Gawain ɗaki tana jarraba shi, har ya karɓi wata ɗamara daga hannunta ya ɓoye. Da asiri ya tonu, mijin ya faɗa masa ƙarara cewa shi ya aike ta. Duk da haka Gawain sai ya buɗe baki ya hau lissafo manyan mazan da ya ce mata sun kayar, daga Adamu har Samson, kamar yadda labaransu suka zo a littafin Kirista. Mijin ne ya aike ta, barden ne ya karɓa, amma jinsin mata ne ya sha zagin. Matar kuwa har waƙar ta ƙare ba a faɗi sunanta ba.

Akwai akwati na uku da ya yi kama da girmamawa, wato gimbiyar labaran soyayyar fada, wadda barde ke durƙusa wa yana cewa ransa na hannunta. A duba da kyau, ita ba ta da ta cewa. A hikayar Barde ta Chaucer, samari biyu sun hango Emelye ta tagar kurkuku, suka yi shekaru suna gaba a kanta, ita ba ta ma san suna yi ba. Da aka ba ta baki, sai ta je ɗakin bauta ta roƙi a bar ta ba aure har abada. Ba a amsa mata ba. Wanda ya ci gasar faɗan da aka shirya wa samarin a kanta ya faɗo daga doki ya mutu, aka aurar da ita ga ɗayan.

Matan Beowulf

A tsohuwar waƙar Beowulf, wadda kwafinta guda ɗaya tak da ya rage aka rubuta wajen shekarar 1000, aikin 'yar sarki shi ne a aurar da ita ga abokan gaba don a kashe wutar yaƙi. Hildeburh an kai ta gidan Finn, sarkin Firisiyawa. Yaƙin ya sake ɓarkewa, aka kashe ɗan'uwanta da ɗanta, aka ƙone gawarsu a wuta ɗaya tana tsaye, daga baya aka kashe mijin, aka maido ta gida. Ko kalma ɗaya ba a ji daga bakinta ba.

Mace ɗaya da ta ɗauki makami ita ce uwar dodo Grendel. An kashe mata ɗa, ta zo ta ɗauki ran mutum guda ta koma. Wannan ita ce dokar ramuwar da ake yabon maza a kanta daga farkon waƙar har ƙarshenta. Da mace ta bi ta, sai ta zama abar tsoro mai zama a ƙarƙashin ruwa, ita ma ba suna.

Matar Bath, bazawarar da ta yaga littafi

Inda gardamar ta fi tsanani shi ne kan Alison, wadda aka fi sani da Matar Bath, wato mutumiyar garin Bath, ɗaya daga cikin matafiya masu ziyarar ibada a littafin Chaucer na Hikayoyin Canterbury, wanda ya rubuta a shekarun ƙarshe na rayuwarsa. Masaƙiya ce mai sana'arta, ta je Ƙudus sau uku, ta je Rum. An fara yi mata aure tana da shekara 12, ta binne maza biyar, ta kuma ce na shida ma marhabin da shi. Uku na farko tsofaffi ne masu dukiya, kuma ba ta ɓoye cewa dukiyar ta bi ba. Kowane matafiyi an ce ya ba da labari, ita kuwa sai da ta yi layi sama da 800 tana ba da tarihin aurenta, ninki biyu na labarin da ta zo ta bayar.

Mijinta na biyar, Jankyn, tsohon ɗalibin Oxford ne. Shekararsa 20, ita 40, kuma shi ne ta aura don so, har ta mallaka masa filayenta. Yana da wani kundi da ya tara labaran miyagun mata, har da rubutun Jerome, kullum dare sai ya zauna bakin murhu ya karanta mata yana dariya: wadda ta sa wa miji guba, wadda ta kafa wa miji ƙusa a ka yana barci. Ran nan ta gaji. Ta fizgi shafi uku ta yage, ta kai masa naushi a kunci har ya faɗa baya cikin murhu. Ya tashi ya doke ta a ka, ta zube kamar matacciya, dukan da ya kurmantar mata da kunne. Da ta farfaɗo ta kira shi ɓarawo, ta tambaye shi ko don filayenta ya kashe ta. Ya durƙusa yana ba ta haƙuri, ta ƙara masa wani a kunci. A ƙarshe ya miƙa mata ragamar gida da dukiya, ta sa ya ƙone littafin.

A tsakiyar wannan labari ne ta jefa tambayar da ta zama taken nazarin baki ɗaya: wa ya zana zakin? Tana nuni ne ga tsohuwar tatsuniyar da wani mutum ya nuna wa zaki hoton mutum yana kashe zaki, zakin ya ce da zakuna ke zane da hoton ya sha bamban. Ta ce da mata ne suka rubuta littattafai kamar yadda malamai suka zauna a ɗakunansu suka rubuta, da sun lissafa muguntar maza har duk 'ya'yan Adamu su kasa biya.

Masu ganin Chaucer na bayan mata suna cewa babu marubucin Ingilishi kafinsa da ya ba talakar mace irin wannan fili, ta yi wa malamai gardama da ayoyinsu, ta faɗi zafin duka daga bakin wadda aka doka. Mary Carruthers, a wata maƙala ta 1979, ta nuna cewa abin da Alison ke faɗa wa a kai dukiya ce da iko da ita, kuma ta fi malaman fahimtar yadda aure ke tafiya a garinsu. Jill Mann ma tana ganin Chaucer ya ɗauki ɓangaren mata da gaske. A ɗaya gefen akwai irin su Elaine Tuttle Hansen, wadda a littafinta na 1992 ta tunatar da cewa babu wata mace a nan, namiji ne ke magana da muryar mace. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin duk halin da kundin Jankyn ya jingina wa mata, surutu, kwaɗayi, ƙarya, sha'awa, Alison tana da shi, tana ma alfahari da shi. Da yawa daga kalamanta daga wurin Jerome aka ɗebo su. Wato ita kanta daga cikin littafin da ta yaga aka ƙera ta.

Ni dai ina ganin duka biyun sun faɗi gaskiya, kuma abin da ya sa Alison ta rayu ke nan. Chaucer ya ɗauki zagin da aka saba yi wa mata ya sa shi a bakin wadda ake zagi, kuma zagi idan ya fito daga wannan bakin ɗanɗanonsa kan canza. Masu kwafe littafin sun ji haka, shi ya sa wasunsu suka riƙa rubuta mata raddi da ayoyi a gefen shafi.

Sai dai akwai abin da masu yabonta kan tsallake. Labarin da ta bayar ya fara ne da wani barden fadar Sarki Arthur da ya yi wa wata budurwa fyaɗe. Aka yanke masa kisa, sarauniya ta roƙa aka ba shi shekara da kwana ɗaya ya nemo abin da mata suka fi so. Wata tsohuwa ta ba shi amsa, cewa iko a kan mazansu, bisa sharaɗin ya aure ta. Da ya bar mata zaɓi a daren farko, sai ta rikiɗe ta zama kyakkyawar budurwa mai biyayya. Mai laifi ya tashi da amarya. Yarinyar da aka ɓata kuwa, daga layukan farko ba a sake ambatonta ba.

Griselda da haƙurin da ba shi da iyaka

A cikin matafiyan akwai wani ɗalibin Oxford da ya mayar wa Alison martani da labarin Griselda, wanda Chaucer ya samo daga marubutan Italiya, Boccaccio da Petrarch. Basarake Walter ya auri 'yar talaka bisa alkawarin ba za ta taɓa musa masa ba, ko da ɓata fuska. Don ya gwada ta, ya sa aka ɗauke 'yarta, daga baya ɗanta, ya bar ta da zaton an kashe su. Bayan shekaru ya ce ya sake ta, ta koma gidan ubanta da 'yar riga ɗaya. Ya sake kiranta ta zo ta share gida ta shirya wa amaryarsa biki. Ta zo ta yi. Sai a wurin ya bayyana cewa amaryar 'yarta ce, duk gwaji ne.

Mai ba da labarin da kansa ya ce ba don matan aure su kwaikwaya aka kawo shi ba, domin ba wanda zai iya, misali ne na yadda bawa zai jure jarrabawar Ubangiji. Amma masu karatu ba a haka suka tsaya ba. Wajen 1393 wani magidanci a Faris ya sa labarin a littafin nasihar da ya rubuta wa amaryarsa 'yar shekara 15, ko da yake ya ce shi ba ya neman biyayya har haka. Duk wanda ya taɓa jin an ce wa mace mai yaji "koma ɗakinki, aure ɗan haƙuri ne" ba tare da an tambayi me aka yi mata ba, ya san inda irin wannan labari ke ƙarewa. A ganina Griselda ta fi kundin Jankyn haɗari, domin zagi ana gane shi a yi fushi, yabo kuwa haɗiye shi ake yi.

Matan da ke wajen littafi

Dokar Ingila ta wancan lokaci tana ɗaukar matar aure a ƙarƙashin inuwar mijinta. Kayanta na hannu nasa ne, filayenta shi ke juya su, saɓanin abin da muka sani a shari'ar Musulunci inda dukiyar mace tata ce. Ba a gyara wannan sosai ba sai da dokokin 1870 da 1882. Wadda mijinta ya mutu kuwa tana cin sulusin filayensa har ƙarshen ranta, tana iya ciniki da shiga kotu da sunanta. Shi ya sa bazawara mai dukiya ta zama abar tsoro da ba'a a adabin. Annobar 1348 zuwa 1349, wadda ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen ƙasar, ta sa hannun aiki ya yi ƙaranci, mata da yawa suka fita neman kuɗi. Dokar da aka kafa don hana ma'aikata barin iyayen gidansu bayan annobar, da ita aka kai Cecily ƙara.

Wasiƙun iyalin Paston na ƙarni na 15 suna nuna macen da ba ta shiga ko ɗaya daga akwatunan ba. A 1448 Margaret Paston ta aika wa mijinta da ke Landan cewa ya sayo bakunan yaƙi da kibau don maƙiya na shirin far wa gidan, a wasiƙar kuma ta ce ya haɗo da sukari laba ɗaya da yadin ɗinka wa yara riguna.

Da suka karɓi alƙalamin

Julian ta Norwich, wadda ta shiga halwa a wani ɗaki manne da coci bayan wahayin da ta ce ta gani a 1373, ita ce mace ta farko da aka tabbatar ta rubuta littafi da Ingilishi. A Faransa, Christine de Pizan ta rubuta Birnin Mata a 1405, raddi kai tsaye ga irin kundin Jankyn, amma sai 1521 aka buga shi da Ingilishi.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce Margery Kempe ta garin Lynn, 'yar magajin gari, uwar 'ya'ya 14. Ta gwada sana'ar giya ta karye, ta gwada niƙa ta karye, sannan ta juya ga ibada da kuka mai ƙarfi a bainar jama'a. Ta yi ciniki da mijinta cewa za ta biya masa bashinsa, shi kuma ya ƙyale mata jikinta, ya yarda. Ta je Ƙudus da Rum. An sha kama ta ana tuhumarta da bidi'a. A gaban babban limamin York aka ce mace ba ta wa'azi, ta ce ita ba ta hawa mumbari, magana mai kyau kawai take yi. A hanya maza suka ce mata ta bar wannan yawo ta koma kaɗi da shiɓa kamar sauran mata.

Ita ma muryarta ta hannun maza ta biyo, domin shifta ta yi, wani limami ya rubuta a shekarun 1430. Wajen 1501 wani mai buga littattafai ya tsamo 'yan shafuka na addu'a da natsuwa ya buga, ya zubar da tafiye-tafiyen da gardamar. A bugun 1521 har mai halwa aka kira ta. Sai a 1934 aka gano cikakken littafin a gidan wani iyali, wata Ba'amurkiya mai suna Hope Emily Allen ta tantance shi.

Ina ruwan mai karatu na yau?

Tasirin farko a aji yake. A 2021 Jami'ar Leicester ta fito da shirin cire adabin tsakiyar zamani daga manhajarta ta Ingilishi don ba da fili ga darussan launin fata da jinsi, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Masu adawa da shirin, har da masu nazarin matantaka, sun ce wanda ke son sanin inda ra'ayoyin Turawa game da mata suka samo asali, waɗannan littattafan ne zai buɗe. Ɗalibin Ingilishi a jami'o'inmu da aka ɗora wa Chaucer zai fi amfana idan ya shiga da tambayoyin nan maimakon haddar sunaye, kuma tambayoyin za su yi masa aiki a kan kowane labari ko fim da ya ci karo da shi, har da namu.

Na biyu, yana gyara zaton cewa ƙorafin mata a kan yadda ake siffanta su sabon abu ne da ya zo da intanet. Ya girmi injin buga littafi.

Marubuta mata na yau kuma sun koma kan Alison suna sake ta yadda suke so. Patience Agbabi, 'yar Birtaniya mai asali daga Najeriya, ta mayar da ita 'yar kasuwa 'yar Najeriya mai suna Alice Ebi Bafa. Zadie Smith, a wasan kwaikwayonta na 2021, ta mayar da ita 'yar asalin Jamaika mazauniyar unguwar Willesden a Landan. A 2023 Marion Turner ta Jami'ar Oxford ta rubuta mata littafin tarihin rayuwa guda, kamar dai mutum ce da ta taɓa taka ƙasa.